Matar Da Ke Sa Mu Zazzage Jaka

Kafin rana ta leƙo kan dutsen da ke bayan garinmu, Mme Makhauta Sekhesa, kamar a ce Mama Makhauta, ta riga ta haura gangare, bargo a kafaɗa, takalman roba a ƙafa, mabuɗin ɗakin magani rataye a wuya. Sai ta kunna risho, ta ɗora shayi, sannan ta buɗe tagar da ta shekara talatin da ɗaya tana miƙa wa mutanen tsaunin nan magani ta cikinta. Ba likita ba ce, kuma ita ke fara gaya maka haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, amma har yau ban ji wanda ya ce zai yanka mata ko kaza ba. Abin ya ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da sana'ata askin tumaki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar nan ya san dokarta. Ba ta miƙa maka ko ƙwaya ɗaya sai ka zazzage jakarka a kan tebur ta ga duk abin da kake haɗiya a gida: na kanti, na mai ganye, har wanda surukarka ta aiko daga Gauteng. Muna yi mata tsiya a kai, muna kiranta 'yar sandan jaka. Ita ko a jikinta.

Ni ne na fara gudun dokar nan, kuma 'yata Nthabeleng ce ta biya.

Tana da farfaɗiya tun tana goye, irin mai taurin kai. Ƙwayoyin asibiti suna rage mata, ba sa hana ta gaba ɗaya. Shekarunta takwas lokacin da aka kafa manyan rumfunan noman wiwi a ƙasan kwari, rediyo ya cika da maganar wani abu wai shi CBD da ake tatsa daga ganyen, wai Turawa na ba yara masu farfaɗiya. Mahaifiyata ta yi dariya har da tafi. Ta ce ashe abin da 'yan sanda suka shekara hamsin suna bin mu a kai shi ne maganin, ga shi kuwa a bayan garkenmu tsakanin masara tun zamanin kakanta. Mu da muka tashi da matekoane, kamar yadda muke kiran wiwi, wa zai koya mana shi? Haka muka yi tunani, mu duka. Na ɗauke ƙwayoyin na cusa a jinka, tsohuwa ta dafa ganyen da kitsen rago. Na ƙara da wata kwalba mai hoton koren ganye da na saya a tashar mota a Maseru, wadda mai tallarta ya rantse mini tana maganin farfaɗiya, ciwon daji, kanjamau, har da miji mai yawo.

Mako uku yarinyar nan tana zaune ido jajur, tana dariya ita kaɗai. Muna cewa magani ne ke aiki. Wata safiya ciwon ya kayar da ita gefen murhu, hannunta na hagu ya faɗa cikin garwashi.

Ba mu aika wa kowa ba, don kunya. Mme Makhauta ce ta lura ranar karɓar maganinmu ta wuce. Ta ari dokin mai gadi, ta yi tafiyar awa uku, sai ganinta muka yi a ƙofa. Ta wanke ƙunar, ta ɗaure. Da ta gama ta juyo gare ni, ta kira ni da Ntate, yadda ake kiran magidanci a wurinmu.

"Ntate Tsepiso, zazzage jakarka."

Na ce ai ba a asibiti muke ba.

"Inda na tsaya nan ne asibiti. Zazzage."

Ta shinshina kwalbar Maseru ta ce wannan man ko ƙwai ba za ta soya da shi ba. Sannan ta zaunar da ni da tsohuwa kamar 'yan aji ɗaya. Ta ce ganyen nan abubuwa da yawa ne a cikinsa. Wanda ke bugarwa daban, shi ne ya cika namu na bayan garke, shi muka ɗura wa yarinya. CBD kuma daban, ba ya sa maye, amma sai an tace shi an auna, likita na duba jini, don yana iya rikici da wasu magunguna a hanta. Ta ce wasu nau'o'in farfaɗiya kaɗan yake taimaka wa, ba duka ba, kuma ba ya maye gurbin ƙwayar kowa. Tsohuwa ta ce ai ganye ɗaya ne. Mme Makhauta ta kira ta da Nkhono, wato kaka, ta ce:

"Nkhono, ke da 'yar'uwarki ciki ɗaya kuka fito. Mijinki ya taɓa shiga ɗakinta ya ce ai duk ɗaya ne?"

Tsohuwa ta ja bargo ta rufe baki. Kama da wane ba wane ba ne, ranar na gane.

Mme Makhauta ce ta rubuta wasiƙu, ta yi ta naci wata bakwai har likitan ƙwaƙwalwa ya ga Nthabeleng a birni. Ya ce irin nata na cikin 'yan kaɗan ɗin, ya bar ta a kan ƙwayoyinta, ya ƙara mata tataccen CBD, ɗigo a ƙirge. Faɗuwar da take yi kusan kullum ta koma jefi-jefi.

To nan ne garinmu ya nuna halinsa. Mutanen da suka yi shiru lokacin da nake ɗura wa 'yata wiwi na gaske, su ne suka tashi da kumfar baki da aka ba ta wanda ba ya bugarwa. Aka ce Mme Makhauta na mayar da yara 'yan shaye-shaye. Shugaban makaranta ya ce kada Nthabeleng ta sake zuwa, za ta lalata masa ɗalibai. Matan coci suka karɓe rigar ƙungiyar da Mme Makhauta ta shekara ashirin tana sawa kowace Alhamis. Mafi zafin baki a cikinsu, na san gonarta, na kuma san abin da ke tsakanin masararta.

Mme Makhauta ba ta roƙi kowa riga ba. A taron gari, gaban mai unguwa, ta ajiye kwalabe biyu a kan dutse, ta tasha da ta likita. Ta ce da masu cewa CBD wiwi ne da masu cewa yana maganin komai, duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ba wanda ya karanta takardar jikin kwalba. Ntate Ramaili mai shago ya miƙe ya ce shi dai ba zai bar jikansa ya zauna benci ɗaya da mai shan ganye ba. Mme Makhauta ta juya gare shi.

"Ntate, ka daina shan maganin hawan jininka wata biyu ke nan, ka koma kwalbar tasha. Ko ƙarya nake? Zazzage aljihunka mu gani."

Bai zazzage ba. Ya zauna. Litinin ta gaba ita da kanta ta riƙe hannun Nthabeleng ta kai ta aji, ta zauna a bakin ƙofa har aka tashi. Kwana biyar tana haka kafin shugaban ya gaji.

Mme, ke ce kika hau doki don yarinyar da ubanta ya ɓoye. Ke ce kika faɗi gaskiya ɓangare biyu, kowane ɓangare ya jefe ki. 'Yar sandan jaka, mai hana ƙarya shiga ciki. Masu tallar tasha sun zage ki, masu ibada sun tuɓe ki, rigar nan har yau ba a dawo miki da ita ba, kuma ba wanda ya zo ya ce ki yi haƙuri. Ni ma sai yau na buɗe baki, shekara bakwai bayan abin. Ina jin kunyar wannan.

Na gode, Mme. Ku kuma masu zama a tagogi irin tata, ku tambayi mutane abin da suke sha a gida, ko da za su zage ku. Mu da ke tsayawa a layi, mu zazzage jakar tun ba a ce ba.

Nthabeleng ta cika sha biyar. Tun ranar ƙunar ba mu sake barin ta kusa da wuta ba, sai bana da likita ya yarda, in da babba a gefe. Da ta ji ba wanda ya shirya wa Mme Makhauta komai, ta ce ita za ta tuƙa tuwon masarar ranar sallama. Jiya ta gwada, ina tsaye a bayanta. Da hannun hagun ta riƙe tukunyar.