Ranar Shukar Gayaunar Mati

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Malam Ɗahiru, kuma har yau akwai abu guda da nake fata a ce ban yi masa ba. Ya faɗi gaskiya a gaban abokan aikinsa, aka juyo aka tambaye ni, ni kuwa na ƙaryata shi alhali na san shi ke da gaskiya. Na haura tamanin yanzu, idona ya fara gajiya, gara in rubuta wannan da hannuna tun ina iyawa.

A wancan lokaci ni malamin gona ne a Kabo. Karatuna bai yi nisa ba, firamare na gama sai kwas na 'yan watanni. Amma a zamanin gyaɗa malamin gona mutum ne. Ina da keke, ina da littafi da igiyar awo, duk ƙauyen da na shiga sai an shimfiɗa mini tabarma. In kaka ta yi, ƙasar Gwarzo da Kabo ƙamshi ɗaya take yi. Harawa a kan rumfuna da rassan itatuwa, mata na suyar ƙuli-ƙuli, jakuna na jerin gwano da buhuna zuwa wurin awo, manyan motoci su kwashe sai Kano. Mai son aure da mai son sabon keke duk maganarsu ɗaya ce, a bari a cire gyaɗa.

Sai wani ciwo ya fara taɓa ta, wanda muke kira kuturta. Ganye ya murɗe ya yi rawaya, tushe ya tsugune, in ka tuge ba ka ga 'ya'ya. Saboda shi ne mutum uku suka zo daga jami'a cikin mota ɗaya, aka haɗa su da ni. Kafin mako biyu mutanen ƙauye sun raɗa musu suna. Dakta Bala, shugabansu, masanin ƙasa ne, kullum yana tankaɗe turɓaya, ya zama Mai Rariya. Dakta Yusufu masanin ƙwari ne, aljihunsa cike da kwalabe, ya zama Mai Kwalba. Malam Ɗahiru kuwa zaman iyali yake bincike, wa ke aikin me a gida, wa ke da iko da me. Ba shi da kayan aiki sai kunne da ɗan littafi. Shi ne Mai Hira.

Shawarar haɗa aikin ma tasa ce. Cewa yake gona ba ta san an raba ilimi sashe-sashe ba, ƙasa da ƙwaro da manomi duk wuri ɗaya suke wuni. Kowace Alhamis bayan la'asar sai su zauna ƙarƙashin wata tsamiya a masaukinsu na Gwarzo, kowa ya baje abin da ya samo. Ban taɓa jin daɗin zama kamar waɗannan ba. Dakta Bala kan ce, "To Malam Ɗahiru, yau ƙwarya nawa ta fura ka auna?" Shi kuma ya ce, "Uku, Dakta, kuma kowacce ta gaya mini abin da rariyarka ta zubar." A yi dariya, a ci gaba da musu har a kira magariba.

Aikina shi ne riƙe babban littafi: sunan mai gona, girmanta, da ranar da aka shuka ta. Su ukun duka a kansa suka dogara.

Ga matasan da ba su tarar ba, a lokacin gida na da gandu, gonar da kowa ke yi wa aiki ƙarƙashin maigida. Ɗa ko ƙane kuma ana yanka masa gayauna, tasa ta kansa, wadda yake nomawa in an tashi daga gandu. A Durun akwai Alhaji Ilu, wanda iyayensa makiyaya ne, shi ya zauna ya kama noma amma bai rabu da shanu ba. Gandunsa da gayaunar babban ɗansa Mati, magidanci mai 'ya'ya biyu, layin gamba ne kawai ya raba su. Da rani shanun gidan a kan duka biyun suke kwana. Amma a daminar nan gyaɗar Alhaji ta tsaya kore shar, ta Mati kuwa kuturta ta cinye. Mai Rariya ya gwada ƙasar har sau uku, iri ɗaya ce. Mai Kwalba ya ga darɓa, ƙananan ƙwarin da ke yaɗa ciwon, ta yi cincirindo a ta Mati, ya rasa dalili.

Ga yadda na cika littafin. Na je zauren Alhaji Ilu, muka gaisa, na tambayi iyali da shanu da ruwa, sannan na ce yaushe aka yi shuka. Ya faɗa. Na rubuta wannan rana a gaban duk gonakin gidan. Haka na yi a kowane gida. A tarbiyyarmu ba ka tashi daga gaban maigida ka je kana tambayar ɗansa, kamar maganar uban ba ta isa ba. Malam Ɗahiru ya taɓa ce mini, "Garba, ka riƙa tambayar mai gona, kada ka tsaya ga mai gida." Na ce to, ban yi ba. Na daɗe ina ce wa kaina kunya ce ta hana ni. Akwai kunya, amma har da ƙyuyar bin kowa daji a kan keke.

Shi kuwa har gona ya bi Mati, ya karɓi fartanya suna noma suna hira. A nan Mati ya gaya masa cewa bai sa iri a gayaunarsa ba sai da aka gama shukar gandu kaf, aka kuma yi nisa da noman farko. Kusan mako uku ke nan. Da Malam Ɗahiru ya kawo maganar ƙarƙashin tsamiya, Dakta Yusufu ya miƙe tsaye. Ya ce gyaɗar da ta makara tana da taushi lokacin da darɓa ke sauka, ba ta kuma rufe ƙasa ba. "In haka ne mun samo bakin zaren. Garba, kawo littafi."

Na kawo. Gandu da gayauna, rana ɗaya.

Dakta Bala ya cire tabarau ya dube ni. "Malam Garba, kowane mai gona ka tambaya da bakinsa, ko kuwa?" Na san in na ce a'a, littafin damina guda ya tashi a banza. A shekarar ake jiran takardarsa don a tabbatar da ni a aiki, matata kuma ba ta yi arba'in da haihuwar fari ba. Na ce, "Na tambaya, Yallaɓai." Malam Ɗahiru ya dube ni na ɗan lokaci, ya rufe ɗan littafinsa. Ya ce, "To, wataƙila ni ne ban fahimci Mati ba."

Rahoto ya fita, sashensa bai wuce 'yan layuka ba. Da damina ta zagayo motar ta dawo da mutum biyu, babu Malam Ɗahiru, zaman tsamiya kuma ya mutu, kowa ya koma yana aikinsa shi kaɗai. Shawarar da ya so a bai wa masu gida mai sauƙi ce, su saki 'ya'yansu kwana ɗaya ko biyu tun ruwan farko su shuka gayauna. Ba a ba da ita ba. Ban ce da an ba da shawarar, da gyaɗa ba ta mutu a ƙasar nan ba, domin shekarar da kuturta ta zo da ƙarfi ba ta bar gandu ba, ba ta bar gayauna ba. Amma kafin nan Mati ya sake yin asara, ya tafi cin rani birni, ya yi shekaru bai dawo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne Malam Ɗahiru bai yanke zumunci ba. Duk sallah sai ya zo Kabo, ya kawo wa yarana littattafai, ya ci tuwon dawa da man shanu har ya nemi ƙari. Da yana jinyar ajali na je da niyyar in faɗa masa. Na fara, "Malam, maganar Durun ɗin nan," sai ya katse ni ya ce tsamiyar Gwarzo tana nan kuwa? Muka ɓuge da hirar tsamiya.

Bara 'yarsa Hajiya Rabi, wadda ita ma take koyarwa a jami'a, ta kawo mini tsofaffin littattafansa in taimaka mata da sunayen ƙauyuka. A cikin ɗaya na ga shafin Mati. A ƙasa ya rubuta da fensir: "Garba bai tambaye shi ba. A bar maganar, aikin nan ne abincin gidansa." Na karanta mata da kaina, na gaya mata sauran.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Har yanzu masu bincike na zuwa, da waya a hannu maimakon littafi. Hajiya Rabi ta ce yanzu haɗa masana daban-daban a aiki ɗaya abin yabo ne, har taro ake yi a kansa. Na san zai yi murna. Na kuma san zai ja ɗaya daga cikinsu gefe ya ce, a gidan nan da ka fito, mutum nawa ka yi magana da su? Gandu ya watse a yawancin gidaje, amma har gobe akwai wanda ake amsawa a madadinsa.

Bayan tafiyarta na sa aka kai ni Durun. Mati ya tsufa, yana zaune a zauren da ubansa ke zama. Da na ambaci Malam Ɗahiru ya ce, "Mai Hira? Allah ya jiƙansa. Duk cikinku shi kaɗai ya san ina da baki." Na ce, "Malam Mati, waccan shekarar, yaushe ka shuka gayaunarka?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Haba Malam Garba, sai yanzu?"

Ba a sa sunan Malam Ɗahiru a jikin wani gini ba, littattafansa kuma a kwali suke. Amma ya bar manomi da ke tuna shi bayan shekara hamsin, ya bar 'ya'yana da suka yi karatu da albarkar aikin da ya rufa wa ubansu asiri a kai. Allah ya gafarta masa, ya yafe mini.

Roƙona ga duk wanda aka ba riƙon littafin da wasu za su dogara a kai, ka je ka tambayi mai gonar da kansa. In kuma ba ka je ba, aka tambaye ka a gaban jama'a, ka ce ban je ba. Kada ka yi irin tawa.