Yadda Winifred Ta Zama Anko

Winifred tun tana ƙarama ba ta yin abu sau ɗaya. Aji huɗu na firamare ma sai da ta maimaita shi, har yaran unguwarsu Jushi suka sa mata suna Rifit, wato mai maimaici. Ta lakaɗa wa biyu duka, sunan ya mutu. Amma murya, Allah ya ba ta. In tana wanke-wanke tana waƙa, maƙwabta har rediyo suke kashewa.

A 2004 burinta ya cika, aka ce ita za ta ba da waƙa a taron kwayoyin mawaƙan coci a Samaru. Sai dai shugabar kwayarsu, Mama Omolara, tana da doka: wadda ba ta sa anko ba, layin baya, ta yi ta tafi. Ranar taron da safe dutsen guga ya cinye gaban rigar Winifred. Ta ari atamfar yayarta Diana, ja wur, alhali kowa shuɗi ya sa.

Mama Omolara ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ki hau, tunda ba mai muryarki. Amma in mutum ɗaya ya yi maganar kayan nan, kin gama ba da waƙa a cocinmu."

Ta hau, ta rera, wuri ya yi tsit. Tana rufe baki sai ɗaliban jami'a da ke baya suka miƙe suna ihu: "Anko! Anko!"

Ta ɗauka kayanta suke yi wa tsiya. Ta waiga, Mama Omolara ta riga ta tsuke baki. Diana ta matso gindin dandamali ta ce, "Sauko mu tafi gida."

"Yaya, bari. Tunda an kore ni, sai sun sha ta ban kwana."

Ta damƙe makirfo ta sako waƙar daga farko, idonta a kan wani dogo da ya fi kowa ihu. Ta gama, ihun ya ƙaru. Don haushi ta ƙara musu ta uku.

A waje ta tare dogon nan. "Malam, kai ka saya min ankon da kake ta kira?"

Sunansa Dominic, harsuna yake karanta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa: encore.

"Ba tufafi muke nufi ba. Kalmar Faransawa ce, Turawan Ingila suka ara. Ma'anarta a sake, waƙa ta yi daɗi."

Ta leƙa rubutun. "Wannan ai enkore ne."

"Haka Faransawa suke, su rubuta wani abu, su faɗi wani."

"Maƙaryata kenan."

Mama Omolara, da ke bayansu tana kasa kunne, ta gyara ɗankwali ta ce, "Ni dama na sani. Gwada ki nake. Ranar Lahadi ki zo da wuri."

Har yau Winifred ce ke ba da waƙa, kuma duk Sabon Gari Anko ake kiranta. Wannan sunan ba ta doki kowa a kansa ba. Da Dominic ya ce yana son aurenta, ta ji sarai, amma ta kalle shi ta ce, "Anko."

Sai da ya sake faɗa.