Sammacin da Ya Kwana a Hannun Lowell

Shekara talatin da huɗu ana biyan Lowell Brandvold don ya zauna wuri ɗaya. Ni da nake tsaye tun asuba ina soya ƙwai da dankali a ɗan gidan abincina, a ƙasan benen da ofishinsa yake a nan Sheridan, ban taɓa yafe masa wannan sa'ar ba.

Aikinsa wakilci. Duk wanda zai buɗe kamfani a jiharmu ta Wyoming, ko da kamfanin bai wuce mutum ɗaya da tsani da bokitin fenti ba, sai ya rubuta sunan wani mai ƙofa ta gaske a kan titi na gaske, wanda za a samu a zaune daga safe zuwa ƙarfe biyar, Litinin zuwa Juma'a. In gwamnati ta aiko da takarda, wurinsa za ta zo. In an kai ƙarar kamfanin, shi za a miƙa wa sammaci, kuma abin da ya shiga hannunsa, a wurin alƙali ya shiga hannun mai kamfanin ke nan. Nasa kawai ya sa hannu, ya buga hatimi, ya tura wa mai ita kafin rana ta faɗi.

Kamfanoni ɗari huɗu da 'yan kai ne ke zaune a ɗakin nan da bai kai kicin ɗina ba. Akwai na masu gyaran rufi, akwai na wata mai haɗa sabulu, akwai na mutanen wasu ƙasashe da ba su taɓa ganin Wyoming ko a mafarki ba. Kowanne da ɗan gurbinsa na katako a bango, da sunansa a manne. Tun da ba ya iya saukowa, ni nake hawa da abincin ranarsa.

"Ranka ya daɗe, mai kamfani ɗari huɗu," haka nake shiga. "Ga miyarka. Yau wanne daga cikinsu zai saya maka sabuwar riga?"

"Verna, ajiye ki tafi. Kina tare mini ƙofa."

"Wa zai shigo? Ƙuda ma sai ya yi shawara kafin ya hawo matakalar nan."

Ba ya dariya, sai dai kunnuwansa su yi ja. Ɗan mai haƙar kwal ne, ya yi aikin gidan waya har gwiwarsa ta ƙi, sannan ya kama wannan. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: takarda ba ta taɓa kwana a hannunsa ba. Yana faɗin haka kamar yadda wasu maza ke faɗin girman kifin da suka kama. Matarsa Arlis tana koyar da yara a firamare, mace mai haƙurin da ni ko kwatarsa ban samu ba. 'Yarsu ɗaya, Janelle, wadda ta ɗauko taurin kan uban ba ta bar masa ko kaɗan ba.

Janelle tana da shekara ashirin da bakwai ta sayi ɗan fili a bakin rafi, bayan gari, ta gina barga tana ajiye wa mutane dawakinsu, tana koya wa 'ya'yansu hawa. A teburina ta cika fom ɗin rajista, miya ta ɗiga a gefensa. Da ta zo layin wakili sai ta ɗaga kai ta dubi uban.

"Baba, in rubuta ka? Amma ka rantse ba za ka riƙa karanta mini wasiƙu ba."

"Ba na karanta na kowa."

"Na kowa daban, nawa daban. Na san ka."

A ranar, da hannunsa ya rubuta sunan kamfanin, ya ba shi gurbin da ke daidai idonsa, ya ture wani mai haƙar rijiya zuwa ƙasa.

Bayan shekara biyu Arlis ta kwanta. Aka kai ta asibiti a Billings, tafiyar awa biyu. Wata Laraba da safe Janelle ta bugo waya ta ce ya taho yanzu. Ya ce mata an gaya masa akwai sammacin wani kamfani da za a kawo ranar, da zarar biyar ta yi zai kama hanya. Na hau da gudu, da cokali a hannuna, na ce ya tashi ni zan zauna.

"Ba sunanki ke kan takarda ba," ya ce.

"Sunanka ne a kan takardar aure, wawa!"

Bai tashi ba. Ina jin bai yarda za ta iya mutuwa a lokacin aiki ba. Biyar daidai ya kulle, ya isa bakwai da 'yan mintoci. Arlis ta cika tun uku da kwata.

Janelle ba ta yi masa ihu ba, da ma ta yi. Bayan an binne uwar sai ta daina kira, ta daina ɗauka. In ta hango motarsa a bakin kanti sai ta wuce wani. Haka aka yi shekara shida a garin da in ka yi atishawa a wannan ƙarshen za a yi maka sannu daga wancan.

Abu ɗaya ba ta yi ba, ba ta cire sunansa daga rajista ba. Canza wakili shafi ɗaya ne, ko akuya za ta iya cikawa, amma ba ta cika ba. A kan wannan Lowell ya rataye ransa gaba ɗaya.

"Da ta gama da ni, da ta cire," yakan ce.

"Ko kuma ta manta kana nan, kamar yadda ake mantawa da tsohuwar tsintsiya a bayan ƙofa."

"Janelle ba ta mantuwa."

Takarda ɗaya ko biyu ke zuwa mata a shekara. Yana turawa a ranar, ya ƙara 'yar guntuwar takarda: an fara sanyi, ki rufe ƙirjinki. Amsa ba ta zuwa. Sau biyu ya gwada dabara, ya bar mata saƙo a waya cewa akwai takarda, ta zo ta karɓa. Na farko ta zo, ta tarar tallan tayoyin tarakta ne, ta juya ko zama ba ta yi ba. Na biyu ba ta zo ba.

Ran nan, wata Litinin cikin kaka, na hau da miya na tarar da Hoyt, mai kai sammaci, yana haki a bakin ƙofa kamar an koro shi. Shi dai tun da na san shi tumbinsa ke riga shi isa ko'ina.

"Mista Brandvold," ya ce, yana kawar da ido, "wannan na gida ne. Ka yi haƙuri."

Wani baƙo ne ya sayi makeken filin da ke maƙwabtaka da na Janelle. Hanyar da motoci ke bi su ja dawaki zuwa bargarta ta ratsa ta gefen filin nasa, shi kuma yana so kotu ta ba shi izinin rufe ta. Shekara arba'in ana bin hanyar nan. Daga baya kowane lauya ya ce da ta amsa da wuya ta faɗi. An ba ta kwana ashirin ta amsa.

Lowell ya sa hannu, ya buga hatimi. Da Hoyt ya sauka, sai na ga ya jawo aljihun tebur ya saka takardar ya tura. Ya ɗauki waya ya kira Janelle, ta ƙi ɗauka kamar kullum, ya bar saƙo.

"Janelle, babanki ne. Akwai takarda a nan, mai muhimmanci ce. Ki zo da kanki."

"Ka ce mata sammaci ne mana!" na ce.

"In na ce, lauya za ta turo."

"To, lauyan ai shi take bukata, ba fuskarka ba. Fuskar nan me za ta yi mata a kotu?"

"Kwana ashirin ne, Verna, akwai lokaci. Ta hawo kawai ta zauna minti biyar. In ba ta zo ba zan tura da sauran kwanaki a hannu."

Ni da aka sani ba a ba ni sirri, wadda ta tona asirin rabin matan titin nan ba da niyya ba, rabi kuma da niyya, wannan karon na kama bakina. Lambar yarinyar tana manne a bangon kicin ɗina. Ban kira ba, domin ni ma ina so in ji takunta a matakalar. Wannan nawa kason ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ya sayi sabuwar riga. Ya share ɗakin, ya kawo kujera ta biyu. Kowace safiya yana ja wa kwana ɗaya layi a kalandar teburinsa. Kalandar 'yan ofis ce, Asabar da Lahadi an matse su a ɗan lungu ɗaya a ƙasa, shi kuma a rayuwarsa ba su taɓa shiga lissafi ba. Bai taɓa ƙirga wa sammaci kwana ba, tun da ba ya kwana a wurinsa, ƙirgen na lauyoyi ne. Sai ya ƙirga yadda ya saba rayuwa, Litinin zuwa Juma'a. Ranar Talatar da ya haƙura ya kai takardar gidan waya, a wurinsa kwana na sha shida ne. A wurin kotu na ashirin da biyu ne. Lauyan maƙwabcin ya riga ya nemi a yanke hukunci a bayan idonta, tun da ba ta ce komai ba.

Janelle ta ɗauki lauya ta roƙi a warware. Aka sa ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe. Ina goge tebur na ji takunsa yana saukowa. Ya kulle ofis, ko takarda bai manna a ƙofa ba. Na cire rigar aiki na bi shi.

Ya miƙe a gaban alƙali cikin sabuwar rigar nan, ya faɗi komai, har da tallan tayoyin. Ya ce laifinsa ne, a hukunta shi, a karɓe masa aikin. Alƙalin ya ce an miƙa sammaci yadda doka ta ce, ga wanda kamfanin ya zaɓa da kansa, ga sa hannu ga hatimi. Abin da ya faru tsakanin wakili da mai kamfani ba na maƙwabci ba ne. Ya ƙi warware hukuncin.

A waje ta tsaya a gabansa, karo na farko cikin shekaru. Ta rame, ta yi kama da uwar har na ji tsoro.

"Ashe ƙofar tana rufuwa ranar aiki," ta ce.

Ta shiga motarta.

Kafin sati ya zagayo an sa ƙyaure da kwaɗo a hanyar. Ɗaya hanyar sai an ratsa rafi, babu mai hankalin da zai ja dokinsa ta nan cikin ƙanƙara. Masu dawaki suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba ta haƙuri suna kwashe nasu. Da sanyi ya wuce ta sayar da filin, ta rufe kamfanin.

Ranar da za ta bar gari ta shigo wurina da hantsi. Motar tana waje, an ɗaure kaya har sama. Ba ta ko kalli matakalar ba.

"Anti Verna, ki hau ki karɓo mini takarduna."

"Ƙafafunki sun fi nawa sabunta, 'yar nan. Taku goma sha huɗu ne."

"Don Allah."

Na gaya mata na sani tun ranar farko kuma na yi shiru. Ta ce ba ni aka rubuta a fom ba. Na hau. Na tarar ya riga ya ɗaure takardun da zare, don ya ji ƙarar motarta. Yana tsaye a bayan tebur, ya taje gashi.

"Ita kaɗai ce a ƙasa?" ya ce.

"Ita kaɗai."

"In sauko?"

Na miƙa hannu ga takardun. Ya gane. Ya miƙo mini ƙunshin da hannu biyu.

Kafin ta fita ta rubuta adireshinta na can Montana a bayan takardar odar abinci, ta ce in wani abu ya same shi in rubuto, amma kada in ba shi. Na yi alkawari.

Yau shekara uku ke nan. Lowell ya sayar da aikin ga wani babban kamfanin wakilci, irin waɗanda ke tura komai ta na'ura, amma bai saki ɗakin ba. Ya san adireshin Janelle yana wurina, bai taɓa tambaya ba. Na taɓa tsokanarsa na ce in ya wanke mini tukwane wata ɗaya zan bar takardar a inda zai gani. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa, ya ce adireshin da aka ba mutum amana ba a bayarwa.

Abin da yake yi, duk farkon wata yana saukowa da ambulan a rufe, da kan sarki a manne, gaban babu rubutu. Ya ajiye kusa da tukunyar kofi, ya juya baya ya kalli titi har in gama rubuta adireshin in jefa a jakata. Shekaranjiya ma ya kawo.

"Ba ta ce ki daina turawa ba?" ya ce, bai juyo ba.

"Ba ta ce komai ba."

"Ana dawo da su?"

"Ba a dawo da ko ɗaya ba."

Ya gyaɗa kai. Ban sani ba ko tana buɗewa ko murhu take ciyarwa da su, shi ma bai sani ba. Na zuba masa kofi, ya riƙe kofin har ya huce bai sha ba, sannan ya kama ƙarfen matakala ya hau a hankali.