Tagogin Yaya Sai-Gobe

Yayana mai gyaran fanka ne, kuma duk unguwa Sai-Gobe ake ce masa, don ba a taɓa kai masa aiki ya ce a dawo da yamma ba. Shagonsa cike yake da fankoki, wasu har masu su sun manta kamanninsu. Duk da haka Allah Ya yi shi da farin jini. Tun muna yara, in na share tsakar gida, shi Baba zai tarar riƙe da tsintsiya. Ba na ɓoyewa, ina kishinsa, kuma girma bai warkar da ni ba.

Gidajenmu a bayan katangar filin jirgin sama suke, lungu ɗaya ya raba nasa da nawa. In jirgi zai sauka, kwanuka rawa suke a kan kantar ɗaki, mai magana kuma dole ya haɗiye sauran zancensa. Abu ɗaya na fi Yaya da shi a duniya: Mama a wurina take tun rasuwar Baba. Ni ke dafa mata, ni ke danna mata ƙafa, ni na san maganin safe da na yamma.

Wata shekara hukumar filin jirgi ta tara mu a makaranta. Tsakani da Allah sun yi ƙoƙari. Sun gyara magudanar da ke kwaro mana ruwa mai maiƙo, sun dasa itatuwa a jikin katanga. Sai suka ce ƙarar ma tasu ce, su za su ɗauki nauyinta. Duk gidan da ƙara ta yi wa yawa za a sa masa tagogi masu gilashi biyu da silin mai kauri. Suka raba wa kowane gida na'urar awon ƙara, kamar ƙaramar rediyo, suka ce a bar ta a waje har su dawo.

Yaya ya ɗora tasa a kan rufi ya manta. Ranar da aka zo karɓa cewa ya yi, "Wace na'ura kuma?" Sai da aka aro tsani.

Tawa kuwa a tsakar gida na kafa ta, na tafi shagon ɗinkina. Na dawo ban gan ta ba.

"Mama, ina abin mutanen nan?"

"Na adana musu. Hadari ya haɗo, a bar kayan mutane ruwa ya daka? A ce mun ci amana?"

Tana can uwar ɗaka cikin akwati, tsakanin zannuwa, an lulluɓe ta da bargo.

"Mama, su fa suka ce a bar ta a waje."

"Kunya suka ji, 'yar nan. Wa ke son kayansa a rana?"

Kullum da safe in fito da ita, da na juya baya ta mayar. Har goge ta take yi da tsumma.

Da sakamako ya fito, gidan Yaya yana cikin waɗanda ƙara ta fi damu. Nawa kuma, wai ya fi kowane gida shiru a unguwar. Na je ofishinsu rai a ɓace. Jami'ar da na samu ta saurare ni, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ba ni haƙuri. Ta ce tabbas za a sake awo, amma aikin bana an rufe, sai zagaye na gaba.

Ina ji ina gani aka wuce ƙofata da gilasai a mota. Mutumin da bai taɓa gyara sakatar ɗakinsa ba, shi ne yau mutane ke zuwa kallon tagoginsa. Yana tsaye yana washe baki, yana yi musu bayani kamar shi ya ƙera su.

"Ƙanwata," ya ce mini, "shigo ki ji yadda ba a jin komai."

Na ce ina da ɗinki.

Mama ce ta matsa sai na raka ta ta sa albarka. Muka je bayan azahar, ta zauna a doguwar kujera, matar Yaya ta ja taga ta rufe. Jirgi ya zo wucewa. Na ga inuwarsa a labule, amma ko cokalin da ke cikin kofi bai motsa ba. Na juya zan yi wa Mama magana, na tarar kanta ya kwanta a kafaɗa. Rabon da in ga ta yi barcin rana har na manta.

Washegari ta ce in kai ta ta ɗan huta. Jibi ma haka. Tun ina zuwa ɗauko ta da la'asar, har ta fara cewa in bari sai ta ci abinci. Na canza mata katifa, na toshe tagarta da tsohon yadi, na dafa duk abin da take so. Ta yi ta sa mini albarka, amma idonta na kan lungu.

Ran nan da na je ɗauko ta a gidan Yaya, ta kama hannuna ta ce, "Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Kaina ne ya gaji. Ki haɗo mini kayana da maganina."

Na haɗa, na kai. Na tsaya a falon Yaya ina nuna masa: farar ƙwayar nan da safe, bayan ta karya, wannan kuma rabi ake ba ta, ba guda ba. Yana ta cewa "to, to", idonsa na kan wata fanka da ya kwance a ƙasa.

"Yaya, kana ji na kuwa?" Ban san na ɗaga murya ba.

Ya ɗora yatsa a baki, ya nuna ƙofar ɗaki.

"A hankali mana. Kar ki tashe mana ita."

Na ajiye jakar a gefen kujera, na ɗauki takalmina a hannu, na fita da sanɗa.