Ɗakin Fararen Kaya

Mijin yayata mai wanki da guga ne, kuma duk wanda ya ce maka akwai wanda ya fi shi iya fararen kaya a unguwarsu, ƙarya yake yi. Ni da nake jin haushinsa har gobe, ba zan hana shi wannan ba. Mai Guga kowa ke ce masa, yara da manya. Siriri ne, magana ba ta dame shi ba, in ya ɗaga riga yana neman tabo ko sallama ka yi ba zai ji ka ba.

Ɗaki biyu suka kama haya shi da Yaya. Na gaba yana da silin da tagar gilas, ƙofarsa tana rufuwa ruf. Na baya kwano ne tsirara, tagarsa ta katako ce da ba ta taɓa rufuwa daidai ba, tana kallon wani fili. Lokacin da suka tare, ba komai a filin sai ciyawa da awaki. Daga baya wasu suka mayar da shi wurin ƙona tsofaffin tayoyi da wayoyin lantarki, suna cire ƙarfen ciki su sayar. Tun daga nan hayaƙi bai sake ɗagawa ba. Baƙi ƙirin, mai ɗaci a maƙogwaro. In zafi ya tsananta iska ta tsaya cak, sai ya kwanta a kan gidajen ya ƙi tafiya, ga shi zafin nan kullum gaba yake yi.

Abin da ya fara tayar wa Mai Guga hankali shanya ce. Zai wanke rigunan ma'aikatan jinya da zannuwan gado fari tas, kafin su bushe baƙin nan ya sauka a kansu ɗigo-ɗigo. Wata mata ta dawo masa da kaya ta ce ya sake, ya kwana biyu ko abinci ba ya iya ci. Sai ya yanke shawara. Ya fitar da gadonsu daga ɗakin gaba, ya ɗaura igiyoyi bango zuwa bango, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya liƙe gefen taga da leda. Fararen kaya suka samu ɗaki. Shi da Yaya suka koma na baya.

Kada ka ɗauka tilasta mata ya yi. Ita ta riƙe masa kujera yana buga ƙusa. Har alfahari take yi: "Duk garin nan ba mai ɗakin shanya sai mu." Ni kuwa in na je sai in tsokane shi, in ce, "Mai Guga, zanin gadon mutane ya fi yayata gata ke nan?" Ya yi murmushi ya ce, "Ke dai bakinki ba ya hutawa." Mu yi dariya mu duka uku. Wallahi dariyar nan tana ci mini rai yanzu.

Shi yini yake a ƙofar gida, bakin titi, yana guga. Ita ke yini a ɗakin baya, tana ninki, tana ɗinke maɓalli, tana girki a bakin tagar nan. Shekara tara.

Tari ya fara mata kamar wasa. Aka ce mura ce, aka ce sanyi ne, aka ce ruwan randa ne take sha da yawa. Ta sha maganin tari kwalba-kwalba. Matar da take ɗaukar bokiti biyu ta haye tudu da su, sai ga ta tana hutawa tsakanin ɗaki da banɗaki, hannu a bango. Ranar da na je na tarar ta kasa ƙarasa amsa gaisuwata, ban tsaya neman izinin kowa ba. Na ce, "Mai Guga, ajiye dutsen gugan nan, asibiti za mu."

Likitar mace ce, ba ta da wasa. Ta daɗe tana kallon hoton ƙirjin, sannan ta ce, "Tana shan taba?"

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Taba? Matata? Haba likita!"

Ta ce, "Yi haƙuri, malam. Huhun ne ya yi kama da na wanda ya daɗe yana sha. A ina take yini?"

Ya gaya mata. Filin, tayoyin, tagar.

"Ba wani ɗaki a gidan da hayaƙin ba ya shiga?"

Ya kalli hannuwansa. Ni na amsa, kuma ban rage murya ba: "Akwai. Kaya ne a ciki."

Yaya ta kamo gefen mayafina, wai in yi shiru. Tana numfashi da ƙyar, amma mutuncinsa take karewa. Likitar ta ce abin da ya lalace ba zai dawo ba, sai dai a tsare wanda ya rage, kuma kada ta sake kwana ko ɗaya a cikin hayaƙin nan.

Kwanansu shida a asibiti. A kwana na biyu ya koma gida shi kaɗai ya tsinke igiyoyin, ya mayar wa kowa kayansa, wasu ma a jiƙe. Ya ce musu ya daina karɓar fari. Mutumin da ya yi suna a kan fari! Ya je wajen masu ƙona tayar ya roƙe su, suka ce su ma abinci suke nema, kuma rabinsu tarin suke yi. Tashi daga gidan kuwa, yana ta nema, bai samu inda zai iya biya ba tukuna.

Da la'asar muka dawo da ita. Ya riga ya share ɗakin gaba, ya goge silin, ya mayar da gadon inda yake a da. Na kwantar da ita na gyara mata matashi. Shi bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa, wai rigarsa tana warin gawayi.

Yaya ta lumshe ido, ta ja numfashi a hankali, ta sake ja. Ba ta yi tari ba. Sai ta ce, ba da faɗa ba, da mamaki kawai, "Ashe haka iskar ɗakin nan take?"

Na juya in gaya masa maganar da na kwana shida ina tanadi. Na tarar ya durƙusa a dokin ƙofa, ya cusa fuskarsa cikin rigar, kafaɗunsa suna rawa. Yaya ta ce, "Ki ce masa ya shigo ya rufe ƙofar, hayaƙi na shigowa."