Ruwan da Nedyalka Ta Zuba a Matakala

Bango ɗaya ne tsakanin gidana da na bai Strahil ("bai" ɗin nan girmamawa ce da muke yi wa dattijo a nan), bangon kuma ba kauri gare shi ba. Don haka abin da zan faɗa a kansa, ko na gani da idona, ko na ji da kunnena, wani lokacin ma kunnen na manne da bangon. Ni ce Ginka mai suyar kifi a ƙofar tashar jiragen ruwa. Shi kuwa ɗan sandan tashar ne tun gashin kaina yana baƙi.

Ɗan kan dutse ne, ya zo garin nan ko iyo bai iya ba. Da gadin ƙofa ya fara: duba takardun direbobin manyan motoci, raba faɗan matuƙan da suka sha rakiya, barasar ƙasarmu, suka yi tatil, rako tsofaffin da suka ɓata tsakanin kwantenoni garin neman wurin jefa ƙugiya. Daga baya aka ba shi jirgin ceto, ɗan ƙarami mai inji, fari da ratsin shuɗi. Tun ranar ya daina zama mijin Nedyalka, ya koma uban jirgi.

Duk sabon ɗan sandan da aka kawo, shi ake damƙa wa ya koya masa aiki. Kuma ya iya, ba zan ci amanarsa ba. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya sakin sitiyari. Mutum ya shekara a bayansa yana naɗe igiya, in shugabansu ya tambaya ko ya isa a ba shi jirgi, sai Strahil ya shafa gashin baki ya ce, "Da saura." Haka suka yi ta gajiya suna neman a mayar da su wani wuri. Ni na sa masa suna bai Da-Saura, har 'yan dako suka ɗauka.

Saura 'yan watanni ya yi ritaya aka kawo masa Bilyana, 'yar wani mai kiwon zuma, siririya, ba ta da yawan magana. Ɗakin ƙasa na gidansu ta kama haya, shi ya sa karatun ba ya ƙarewa a tasha. Ina jin su ta bango suna cin abinci.

"Biyu a ruwa. Ɗaya na ihu, ɗaya ya yi shiru. Wa za ki fara ɗauka?"

"Mai shirun, bai Strahil."

"Don me?"

"Mai ihu yana da sauran iska a ƙirji."

"To ci miyarki, kar ki ɗauka kin iya."

Nedyalka ta ce, "Ka bar yarinya ta haɗiye loma mana, kai ko a teburi sai ka nutsar da mutane!"

Ana cikin haka ranar Yordan ta matso, ranar da Fada, limamin cocinmu, ke jefa gicciye cikin teku, mazan gari su faɗa ruwan sanyin Janairu suna rige-rigen ɗauko shi. Ranar nan ita ce babbar ranar jirgin ceto, don duk shekara sai an samu wanda sanyi ya ɗaure wa hannu da ƙafa. Shugabansu, Kalinov, ya yanke magana: bana Bilyana ce za ta riƙe sitiyari, Strahil ya tsaya a gefenta. In ya ce ta isa, jirgi nata ne bayan ritayarsa. In ya ce da saura, ta koma gadin ƙofa.

Mako guda mutumin nan bai ci abincin kirki ba. Na gan shi a tsakar gida yana kai da komowa, na leƙa ta shinge na ce, "Maƙwabci, haihuwa za ka yi ne?"

"Ginka, ki je ki soya kifinki."

"Ai na ga tumbin ya sauka, shi ya sa na tambaya."

Bai ko yi murmushi ba. Ya ce, "Kowa gicciye zai kalla ranar. Fada, magajin gari, masu hoto. Yarinyar nan ma in ta kalla, shi ke nan."

Safiyar ranar sanyi ya yi tsanani, har tsumman da na shanya ya sandare kamar katako. Bilyana za ta riga shi fita ta ɗumama inji. Kun san dai ba a barin mutum ya fita babbar rana ba a zuba masa ruwa a gabansa ba, don lamarinsa ya gudana kamar ruwan. Kofi ɗaya ya isa. Uwata da kofin shayi ta yi mini ranar aurena. Amma Nedyalka, da ba ta taɓa haihuwa ba kuma ta ɗauki yarinyar nan kamar ta cikinta, bokiti ta ciko fal, ta sheƙa shi daga saman matakala har ƙofar titi.

Na ce, "Nedyalka, jirgin za a kawo nan ne?"

"Rufe mini baki. Je ki, 'yata, Allah ya sa ya tafi miki sumul."

Bilyana ta tsallake, ta sumbaci hannunta, ta wuce. Strahil yana ciki yana shan kofi, yana goge takalmi, bai san abin da aka yi ba. Kafin ya gama, ruwan nan ya zama ƙanƙara. Ya fito da hularsa a tsaye, ya taka matakalar farko, sai na ji ƙara kamar an yar da buhun dankali.

Muka same shi a ƙasa, ƙafarsa ta dama ta juya inda ba a halicce ta ta juya ba. Nedyalka ta ɗora hannu a ka tana kuka, "Ni na kashe shi! Ni na kashe shi!"

"Ban mutu ba tukun, mace. Miƙo mini waya."

Ya kira Kalinov, yana kwance a kan ƙanƙara, fuskarsa ta yi fari fat. Wayar tana da ƙarfi, duk muna ji.

"Strahil, Fada ya riga ya fito daga coci, jama'a sun cika bakin ruwa. Babban jirginmu ya fita rakiyar wani jirgin kaya, ba mai dawo da shi yanzu. Ko yarinyar ta riƙe ita da mai naɗe igiya, ko in je in ce wa gari guda ba a shiga ruwa bana. Kuma ka san ko na faɗa sai sun shiga. Ta isa ko ba ta isa ba?"

Na ga hannunsa ya tafi kan gashin baki. Wallahi ni da nake tsokanarsa da kalmar nan shekara da shekaru, sai na daina ganin abin dariya a cikinta, don yanzu ba batun aikin yarinya kaɗai ake ba, 'ya'yan mutane ne za su shiga teku a kan maganarsa.

"Ta isa," in ji shi. Muryar kamar ba tasa ba.

Ya kashe waya ya ce ba asibitin da zai je sai ya ga bakin ruwa. Mota ba ta shiga, an tare titi saboda jerin gwano. Na kawo baron da nake ɗaukar akwatunan kifi, muka ciccibe shi ni da Nedyalka, muka gangara da shi. Ɗan sanda da kakinsa cikin baron kifi, yana cije leɓe, yana cewa mu yi sauri.

A bakin ruwa ba ya ganin komai sai bayan mutane. Ya ce, "Ginka, hau turken nan ki zama idona. In kika yi mini wasa yau, sai na rufe miki kasko."

Na hau turken ƙarfen da ake ɗaure jirage, Nedyalka ta riƙe mini ƙafa.

"Ina jirgin?"

"Yana can gefe, bayan inda za su shiga."

"Ba ta matso da yawa ba?"

"Ni na san yawa a ruwa?"

Fada ya ɗaga hannu ya jefa. Maza suka zuba cikin ruwa, ihu ya kaure.

"Ina take kallo? Ginka! Gicciyen take kallo?"

Na ƙura ido. "A'a. Ta ba Fada baya. Can take kallo, inda ba kowa."

Wani saurayi ya ɗago gicciye, jama'a suka ɗauki tafi, ƙararrawar coci ta kama bugawa. Masu iyo suka juyo. Ɗaya yana ta kururuwa yana dukan ruwa, mutane suna nuna shi suna kiran jirgi. Na ga mai igiya ya wurga masa tayar ceto, jirgin kuma bai tsaya ba, ya wuce shi.

"Ta wuce mai ihun! Mutane na zaginta, Strahil!"

"Su zaga. Ina ta nufa?"

"Wajen tsohuwar gadar katako. Ba komai a wurin... tsaya. Akwai kai. Ya nutse. Ya ɗago. Ya sake nutsewa."

Ya kama gefen baro zai tashi, ƙafar ta mayar da shi. "Ta kashe inji? In ba ta kashe ba farfela za ta sare shi. Ta kashe?"

"Ban ji ƙararsa ba."

"Ba ki ji ba ko ta kashe?"

"Ta kashe! Ta kwanta a bakin jirgi, ta kamo shi ta gashi... a'a, ba shi da gashi, ta wuya ta kamo shi. Sun jawo shi ciki!"

Tsonko ne, mai tuƙa injin ɗaga kaya, mai jikoki, wanda ya kurɓi rakiya ya ce shi ma bana da shi. Suka kawo shi gaɓa a naɗe cikin bargo, leɓensa shuɗi, yana amai amma yana numfashi. Matarsa ta rungume shi, sannan ta zabga masa mari.

Bilyana ta kutso cikin jama'a a jiƙe har kafaɗa, ta ga malaminta cikin baro, ta tsaya turus.

"Bai Strahil, me ya same ka?"

"Ruwanki ne ya tafi da ni." Ya dube ta sama da ƙasa. "Kwanar da kika sha ta yi faɗi."

Na ce, "Wato da saura?"

"Na riga na faɗa, Ginka, ba na maimaitawa. Ku kai ni asibiti, ƙafar nan za ta kashe ni."

Yanzu yana gida da sanda, yana shuka tumatir yana yi musu faɗa. Bilyana na da jirginta, an ma ba ta sabon ɗan sanda ta koya wa aiki. Nedyalka kuwa ba ta daina zuba wa mutane ruwa ba, sai dai da cokali, kuma sai ta leƙo ta tambaye ni ko tsummana ya sandare.