Fili a Bakin Dogo

Ana idar da sallar asuba muka bar gida a Zariya, ni da yayana, muka nufi tashar jirgin ƙasa. An yi mini canjin aiki zuwa wani ofishi a Kaduna, kuma yaya ya ce ya samo mini fili a arewacin garin, dab da wata sabuwar tasha. Wai jirgi zai kai ni aiki da safe, ya dawo da ni da yamma. Abin da ya ja ni ke nan, don gwiwata ta hagu ba ta iya tuƙa keke, kuma an faɗa mini Baturen ofishin ba ya jin uzurin mai makara, sallama kawai yake yi.

A jirgi muka karya da dafaffen rogo da ƙuli, ɗan mitsitsi, ashe tsadar Kaduna tun daga hanya take tarye mutum. Da hantsi jirgi ya tsaya tsakanin Katabu da Kawo, yaya ya ce mu dira. Ba dakali, ba ɗakin tikiti, sai layin dogo da ya rabu biyu da wata rumfar kwano. Muna kakkaɓe riguna wani dogon jirgin gyaɗa ya gifta, sannan namu ya tashi. Dillalin filin na tsaye da lema yana jiranmu. Ya gaisa da yaya kamar sun daɗe da sanin juna. Na lura, amma na kau da kai.

Wurin kam yana tasowa. Ko'ina tubali ake bugawa, magina na ta yaɓe, mahauci ya kafa tukuba a gindin ɗorawa. Masinjoji da ƙananan akawuna duk sun yi gini. Ni dai abin da aka cika yabo ba ya kwanta mini. Na leƙa rijiya, na ɗanɗana ruwan, na tona ƙasa da sanda ko fadama ce. Ban sami aibi ba, sai hakan ya ƙara dagula mini lissafi.

Kekuna ne suka tsaya mini a rai. 'Yar unguwa kamar wannan har da masu faci uku, kuma duk zauren da na leƙa akwai tsohuwar taya a rataye. Mutanen da jirgi ke kai wa aiki, me ya haɗa su da faci?

Dillali ya matso ya ce, "Malam, ka sa hannu yau mana, wani akawu na ta bibiyar filin." Na ce sai na ga jirgin yamma ya tsaya da idona. Nan take ya tuna yana da gaisuwar mutuwa a Kawo.

A rumfar kwanon muka tarar da wata tsohuwa mai fura. Na ce, "Iya, ƙarfe nawa jirgi ke tsayawa a nan?" Ta ce, "Ɗan nan, ai ba don mutane yake tsayawa ba. In na gyaɗa zai wuce ne yake raɓewa ya ba shi hanya. In an gama kwasar gyaɗa, sai kuma baɗi."

Da la'asar jirgi ya taho. Yaya ya cire hula yana ta kaɗa masa. Jirgin ya yi mana busa, ya wuce abinsa. Da ɗingishi na kai bakin titi, muka sami motar itace zuwa Zariya. Gwiwa na zafi, amma raina fes, don aikina ya tsira.

Muka iso Zariya. A ƙofar gida yaya ya ce, "Ni fa na riga na sa hannu a filin da ke jikin naka tun makon jiya. Shanuna na sayar, don mu zauna kusa."

Tafiyar nan ta koya mini cewa zargin ma sai an san inda za a ajiye shi. Na tuhumi rijiya, na tuhumi ƙasa, amma da na ga gaisuwar nan tasu da dillali ban tambayi ɗan'uwana komai ba. Yanzu ina nema masa keke.